Kafin ka kafa murhun gawayi a ɗakin Hajiya

Tambaya: Wani bawan Allah daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ya ce mahaifiyarsa ta manyanta, sanyin hunturu yana hana ta barci, gwiwoyinta suna ciwo, kaskon garwashin da ake kai mata kuma ba ya kaiwa asuba. Ya ga murhun ƙarfe mai bututu irin na ƙasashen sanyi, yana so mai walda ya ƙera masa irinsa, ya riƙa zuba gawayin ƙasa tunda ya fi na itace daɗewa yana ci. Ɗakin na ƙasa ne, rufin azara, jikoki biyu suna kwana tare da ita. Zai yiwu? Yaya ake kafa shi?

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Zai yiwu, kuma idan aka yi shi daidai ya fi kaskon nan aminci nesa ba kusa ba. Ni aikina ke nan, ƙera murhu da gina tanda da hanyar hayaƙi, don haka zan yi maka bayani dalla-dalla. Amma tun kafin mu je ko'ina, ina roƙonka abu guda: daga daren yau kaskon garwashi ya daina kwana a ɗakin da ƙofa rufe. Dalilin zai fito a ƙasa.

Ƙera akwatin ƙarfen da wuta za ta ci a ciki abu ne mai sauƙi, duk mai waldan da ya san hannunsa zai gama shi a ƴan kwanaki. Inda aikin yake shi ne hanyar da iska za ta shigo da hanyar da hayaƙi zai fita. Gawayi, na itace ne ko na ƙasa, idan bai samu isasshiyar iska ba yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da wani abu, sai jinin ya riƙa zagaya jiki ba tare da abin da ƙwaƙwalwa da zuciya ke buƙata ba. Mutanenmu sukan ce a bar gawayi a tsakar gida ya gama hayaƙi, ya yi ja, sannan a shigar da shi ɗaki. Wannan yana kawar da hayaƙin da ido ke gani ne kawai. Jan garwashin da ya lafa, wanda toka ta fara rufewa, shi ne ya fi fitar da gubar. Tsoho, jariri, mai ciki, da mai ciwon zuciya ko ƙarancin jini su ne take fara kayarwa, wato dai mutanen da ke kwana a ɗakin da ka kwatanta.

Game da gawayin kansa. Namu na Nijar daga Anu Araren yake fitowa, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, inda kamfanin Sonichar, wanda aka kafa a 1975, yake haƙo shi yana ƙonawa a tashar lantarkin da ke ba Arlit da Agadas wuta. Wanda ake sayarwa don girki an riga an gasa shi, an fitar da mafi yawan kwalta da hayaƙin da ke cikinsa, kuma kamfanin SNCC ne aka ɗora wa wannan aiki don a rage saran itace. Duk wanda ya ga motocin itace suna fitowa daga wajen dajin Baban Rafi ya san abin yana da amfani. To, gasasshen nan za ka nema. Ɗanyen kwal yana tafe da hayaƙi rawaya mai kauri da warin farar wuta, yana toshe bututu cikin ɗan lokaci, bai dace da ɗakin mutane ba. Ka kuma sani gawayin ƙasa yana da halaye uku da suka bambanta shi da na itace: yana da wuyar kamawa, zafinsa yana da ƙarfi, tokarsa tana da yawa. Ƙirar murhun duk a kan waɗannan halaye take tafiya.

Kuskuren da na fi gani wajen masu hali shi ne sayen babban murhu. Waɗanda ake yi don Turai galibi ƙarfin zafinsu kilowat 6 ne zuwa 10, saboda can waje yana iya sauka ƙasa da sifiri, ana neman ɗaga zafin ɗaki da digiri 20 ko fiye. Mu nan, a tsakiyar Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan tsaya ne wajen digiri 12 zuwa 15. Abin da Hajiya ke buƙata ƙarin digiri 7 ne ko 8. Ɗaki mai mita 4 a kan 4, kilowat 2 zuwa 3 sun ishe shi. Idan ka kafa babba, cikin rabin awa ɗakin zai yi zafi har a fara gumi, sai wani ya tashi ya toshe kafar iskar murhun don wutar ta lafa. Nan ne ake shiga haɗari: wuta ta lafa, bututu ya huce, ya daina jan hayaƙi, gubar ta ƙaru, ta fara tsiyayowa cikin ɗaki ta kowace ƴar kafa. Ƙaramin murhu da ke ci da kyau ya fi babba da aka shaƙe.

Ka gaya wa mai walda ya yi amfani da baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 4. Ganga ba ta isa ba, siririya ce, gawayin ƙasa zai cinye ta. Farin kwanon rufi kuma kada ya shiga aikin ko kaɗan, ko a jikin murhu ko a bututun da ke kusa da wuta, domin farin shafen da ke jikinsa yana ƙonewa ya ba da hayaƙin da ke sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Cikin murhun a jera masa gasasshen jan bulo, ko a shafe shi da yumɓun da aka cuɗa da garin fasassun tukwane, kaurin yatsa uku. Siminti na gini ba ya jure wannan zafin, farfashewa yake. A ƙasa a sa raga ta rodi mai kauri, wadda za a iya girgizawa ko a zaro, a ƙarƙashinta kuma tire na tara toka. Itace yana iya ci a kan tokarsa, gawayin ƙasa ba ya yi, dole iska ta biyo masa ta ƙasa ta ratsa shi. Shi ya sa babbar kafar iska a ƙofar toka ake yin ta, sannan a bar ƙarama a sama da wutar don ta ƙone iskar da ke tasowa daga gawayin. Wannan shuɗin harshen wuta da kake gani yana rawa a kan jan gawayi, gubar ce take ci. Ganinsa alheri ne. Ƙofofi su rufu ruf. Idan zai sa makulli a cikin bututu don rage jan iska, ya yanke gefensa yadda ko an juya shi gaba ɗaya kashi ɗaya cikin huɗu na bututun zai kasance a buɗe. Ni ma na fi son a bar makullin nan kwata-kwata a gidan da akwai yara.

Yanzu bututu, inda nake so ka fi kashe kuɗinka da hankalinka. Babu injin da ke tura hayaƙi sama. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, shi ya sa take hawa, kuma ƙarfin hawanta ya dogara ga tsawon bututun da bambancin zafin cikinsa da na waje. A nan muna da naƙasu, domin wajenmu ba ya yin sanyi sosai, jan bututu a Maraɗi ya fi rauni a kan na ƙasar ƙanƙara. Abin da za mu rama da shi tsawo ne. Faɗin bututun santimita 12 zuwa 15, daidai da bakin murhun, kada a rage shi a hanya. Tsawonsa daga murhu zuwa ƙarshe kada ya gaza mita 4. Ƙa'idar masu gini a Faransa ta ce bakin bututu ya ɗara da santimita 40 a kan tsororuwar rufi da duk wani gini da ke cikin tazarar mita 8, idan kuma rufin shimfiɗaɗɗe ne kamar soronmu, ya tashi mita 1 da santimita 20 daga rufin. Ka riƙe wannan. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take bugowa. Idan ta doki katangar benen maƙwabci ko babban dogon yaro ta juyo ƙasa, kai tsaye za ta danno hayaƙin cikin ɗaki, kuma da dare take yin haka lokacin da ba mai gani.

A rufin azara ba na ba da shawarar a huda sama. Da farko, azara da zana da ke ƙarƙashin laka busassun itace ne da suka shekara suna shan zafi. An taɓa kirana in duba wani ɗaki da aka ratsa bututu ta rufinsa aka liƙe gefen da laka. Daga ƙasa komai lafiya. Da muka ɓanɓare lakar, sai ga azarar da ke kusa ta koma baƙa ƙirin, ina danna ta da yatsa tana marmashewa, ga ɗumi a cikinta alhali tun safe aka kashe wutar. Itace ba sai harshen wuta ya taɓa shi ba, zafi na yau da gobe yana mayar da shi gawayi a hankali har ranar da zai kama da kansa. Na biyu, duk ramin da aka yi a soro, damina za ta gano shi. Don haka ka fitar da bututun ta bango. Sashen da zai kwanta kada ya wuce mita 1, kuma ya ɗan karkata sama zuwa waje. Inda ya ratsa bango a sa masa wani bututu mafi faɗi a matsayin riga, a tabbata ba katakon taga ko azara kusa. Daga waje, maimakon ka bar ƙarfe tsirara iska tana hura shi yana hucewa, ka gina masa hanya ta jan bulo a jikin bango har sama, a shafe cikinta sumul, a bar ƴar ƙofar shara a gindinta. A kai kuma hula ta ƙarfe mai hana ruwa, da raga mai manyan idanu. Wajen haɗa gaɓoɓin bututu, na sama ne ke shiga cikin na ƙasa, don duk abin da ya tsiyayo ya koma murhu, sannan a ɗaure kowace gaɓa da kusoshi uku.

Tazara ma a kiyaye. Tsakanin murhu da gado, katifa, labule, gidan sauro, akwatin kaya, aƙalla mita 1. Bututun da ke cikin ɗaki ya nisanci duk abin da ke ci da wuta da santimita 45, har da azarar da ke samansa. Ƙasan murhun siminti ko bulo, ya fito gaba da rabin mita, ba leda ba darduma. Saboda jikoki a yi masa shinge na rodi.

Sai hanyar shigowar iska, wadda kusan kowa ke mantawa. Da hunturu ana toshe taga da kwali, a cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, a saki labule mai kauri. Ka gwada zuƙar iska daga kwalbar da ba ta da wata kafa: ɗan kaɗan za ka ja, sai ta tsaya. Haka bututu yake yi wa ɗakin da aka toshe. Ka huda bango kusa da ƙasa, dab da murhun, rami mai faɗin santimita 10, a sa masa raga saboda ɓera da kunama, kuma kowa a gidan ya san ba a toshe shi, komai sanyi. Tunda kusa da murhu yake, iskar za ta wuce cikin wuta ne, ba za ta bi ta kan mai barci ba.

Da ɗakin mahaifiyata ne, ga yadda zan yi. Zan gina murhun a cikin bango, bakinsa da ƙofar tokarsa suna kallon tsakar gida ko baranda, bayansa kuma yana cikin ɗaki, an kewaye shi da jan bulo. Zuba gawayi, kwashe toka, shigar iska, duk daga waje. Abin da ke shiga ɗaki ɗumin bulo ne kawai. Iyayenmu sun san wannan hikimar tun a gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi, bambancin dai a nan hayaƙin yana da hanyarsa. A hura bayan la'asar sakaliya, wuta ta ci sosai har bayan isha'i, sannan a bar ta ta mutu ko a kwashe. Bulo da bangon ƙasa za su riƙe ɗumin su riƙa sakinsa har asuba. Na san abin da ya ja hankalinka ga gawayin ƙasa shi ne ya kwana yana ci. Ni ban yarda wuta ta kwana a ɗakin da tsohuwa da yara ke barci ba, ko da bututu. Idan ginin bai ba da damar wannan tsarin ba, ka kafa murhun a falo ko rumfar gaban ɗakin, a bar ƙofar tsakani a buɗe da yamma.

Ranar da aka gama aikin, kada a fara da gawayi. Ku rufe ƙofa da taga kamar yadda ake yi da dare, ka murɗe takarda ka kunna a cikin murhun don bututu ya ɗan ɗumama, sannan ka kunna turaren tsinke ka riƙe shi a bakin kafar iska. Ka dubi zaren hayaƙin. Idan ya lanƙwasa ya shige murhu da sauri, bututu yana ja. Idan ya tsaya yana shawagi, ko ya juyo fuskarka, akwai gyara, kuma ba a hura wuta sai an yi shi. Ka bi gaɓoɓin bututun da turaren ɗaya bayan ɗaya. Ka sake gwajin ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi. Wutar farko da ta biyu a yi su ƙanana, ƙofofi a buɗe, ba kowa a ɗaki, don yumɓu ya bushe a hankali, fenti da man ƙarfe su ƙone.

Wajen hurawa, a fara da ƙirare da gawayin itace, sai sun yi ja a riƙa zuba na ƙasa kaɗan-kaɗan. Kada a binne wutar duka, a bar gefe guda yana ja don ya kunna iskar da sabon gawayi ke fitarwa, in ba haka ba tana iya taruwa ta tashi bum ta watso toka. Fetur kuwa ko kusa. Na san yadda yake a kwalabe a kowane lungu na garin nan, kuma yara suna ganin manya na yi. Leda, roba, tsohon takalmi, duk ba sa shiga murhu. Toka a kwashe kullum, don idan ta taru ta taɓa raga, iska ba ta wucewa, ragar kuma tana lanƙwashewa. A zuba ta a bokitin ƙarfe a fitar waje nan take, saboda garwashin da ke ɓoye a ciki yana iya kwana yana fitar da guba.

Akwai wata ƴar na'ura mai batir da ke ƙara idan gubar ta taru a ɗaki. A shago ka ce détecteur de monoxyde de carbone, ka duba ko an rubuta EN 50291 a jikinta, kuma ka tabbata ba ta gano hayaƙin gobara aka ba ka ba, don kamanninsu ɗaya aikinsu daban. Idan babu a nan, a sa wani ya taho da ita daga Yamai ko Kano. A rataye ta a ɗakin kwana daidai tsayin kan mai barci, a riƙa goge mata ƙurar hunturu, a danna maɓallin gwajinta lokaci-lokaci. Tana da ranar ƙarewar aiki a rubuce a bayanta. Ni ba na miƙa murhu ga mai gida sai na ga wannan na'urar a bango.

Kowa a gidan, har ƴar aiki da manyan yara, ya san alamun. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ruɗewa, barci mai nauyi. Sau da yawa ana ɗauka masassara ce, wani lokaci a ce iska ce ta taɓa mutum a tafi neman mai ruƙiyya. Ga yadda ake ganewa: mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya sun tashi da ciwon kai lokaci guda, jiki ba zafi, da sun fita waje kuma sai su ji dama. In ka ga haka, buɗe ƙofa da taga, fitar da kowa, wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 ko a garzaya asibitin da ke da oksijin. Madara, manja, tafarnuwa, yayyafa ruwa, babu wanda ke fitar da gubar daga jini. A iskar waje jiki yana ɗaukar awa 4 zuwa 5 kafin ya rage rabinta, da oksijin na asibiti kuwa awa ɗaya da ɗan wani abu. Ko mutum ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi, musamman mai ciki da tsoho.

Wani abu da ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashen sanyi: murhun nan wata biyu zai yi aiki, ya yi wata goma a zaune. A wannan zaman ne zanzaro ke gina ɗakinsa na laka a cikin bututu, tsuntsu ya kai ciyawa, ƙadangare ya mutu a gwiwar bututun. Tokar gawayin ƙasa kuma tana da farar wuta, idan laimar damina ta same ta sai ta riƙa cin ƙarfe daga ciki, ka ga bututu lafiya a ido alhali ya zama rariya. Da sanyi ya wuce a Fabrairu, a share bututu da murhu tas, a shafa wa ƙarfen ɗan mai, a rufe bakin sama. A watan Nuwamba a buɗe, a zura igiya mai ɗaure da tsumma daga sama har ƙasa, a ƙwanƙwasa kowace gaɓa a ji ko ta ruɓe, a maimaita gwajin turare.

Idan ka lissafa kuɗin ƙarfe da bulo da na'ura ka ga bana ba za su samu ba, kada ka yi rabin aiki. A shimfiɗa tabarma da darduma a ƙasa, a ɗaga gadon Hajiya daga jikin bangon arewa, a ƙara bargo, hula da safa, a cika jarka mai kauri da ruwan ɗumi a naɗe ta da zane a sa mata wajen ƙafafu. Wannan zai kai ta asuba fiye da kasko. Ciwon gwiwar kuma a nuna wa likita, don ba duka sanyi ke kawo shi ba. In kuwa ka shirya yin aikin, kafin ka sayi ko guntun ƙarfe ka hau soron da awo a hannu, ka auna tsayin bangon da bututu zai bi, ka dubi abin da ya fi rufinka tsawo a cikin mita 8 ta kowane gefe, musamman gabas da arewa. Da wannan awon za ka je wurin magini da mai walda, ku zauna ku uku a tsakar gidan ku tsayar da wurin murhun.